Wa Ya Riga Wa? Jerin Kafa Zaunannun Abubuwa a Manhajar Kwamfuta

Ɗalibin nahawu yakan wuce jimla irin ta "Audu da Bala sun iso" ba tare da ya tsaya ba, domin a ganinsa babu abin da ya ɓuya a cikinta. Sai an tambaye shi wanda ya riga isowa cikin su biyun zai lura cewa jimlar ta yi shiru a kan haka. An fara ambaton Audu, amma riga shiga baki daban, riga shiga gari daban. Harafin "da" haɗa sunaye kawai yake yi, ba ya jera su cikin lokaci. In ana son jeri, sai a koma ga "sai" ko "sannan", ko kuma ga shuɗaɗɗen lokaci na biyu, wanda masu ba da labari ke tafiya a kansa: suka tashi, suka ɗaura sirdi, suka kama hanya. A nan kowane aiki yana jiran na gabansa ya kammala, wanda kuwa ya juya jerin ya ɓata labarin. Wannan bambanci tsakanin haɗawa da jerawa, wanda ɗan Bahaushe ke riƙewa tun kafin a kai shi makaranta, shi ne tushen wata matsala da ta daɗe tana wahalar da masu rubuta manhajar kwamfuta, musamman masu aiki da harshen C++.

Tilas a fara daidaita kalmomi, tunda Hausa ba ta gama tsayar da nata a wannan fage ba. A salon da ake gina manhaja da abubuwa, marubuci yakan fara tsara aji, wanda yake kamar mazubin bulo, sannan ya riƙa fitar da abubuwa daga gare shi, kowanne da bayanansa da ayyukansa. Salon ya samo asali ne daga harshen Simula, wanda Ole-Johan Dahl da Kristen Nygaard suka ƙirƙira a Norwe cikin shekarun 1960. Yawancin abubuwan da manhaja ke fitarwa ƴan ci-rani ne, suna zuwa idan aiki ya taso, su watse da zarar ya ƙare. Amma akwai ƴan kaɗan da ke zaune tun daga tashin manhaja har rufewarta, kamar kundin da take rubuta abin da ya gudana, ko jadawalin farashi, ko ƙofar da take fitar da rubutu zuwa allo. Su ne za a kira zaunannun abubuwa a nan. Kafa su kuwa shi ne zuba musu ƙimarsu ta farko, ta yadda duk wanda ya zo nemansu zai tarar da su a shirye.

A harshen C, wanda Dennis Ritchie ya tsara a Bell Labs da ke Amurka a farkon shekarun 1970, babu wannan damuwa. Dokarsa ita ce kowane zaunannen gurbi a ba shi ƙimar da aka sani tun lokacin fassara, wato tun tafinta, kayan aikin da ke juya rubutun mutum zuwa harshen na'ura, yana kan aikinsa. Ƙimar tana shiga jikin manhaja a rubuce, tana nan tun kafin a kunna komai, ba ta jiran kowa. Da Bjarne Stroustrup, mutumin Danmak, ya fara ɗora azuzuwa a kan C a 1979, aikin da aka raɗa wa suna C++ a 1983, ya so abubuwan da marubuci ya ƙera da kansa su sami duk ƴancin da lambobi ke da shi, har da damar zama zaunannu. Buri ne mai kyau, kuma a kansa harshen ya ginu. Sai dai abu yana da magini, wato jerin umarnin da ake gudanarwa don a tayar da shi, maginin kuwa yana iya buɗe fayil, ko ya yi lissafi, ko ya leƙa wani abu ya ari ƙimarsa. Tunda ana son zaunannu su kasance a shirye kafin aikin farko na manhaja, wanda ake kira main, sai aka wayi gari da wani lokaci na duku-duku da magina ke ta aiki alhali marubuci bai kira ko ɗaya daga cikinsu da bakinsa ba.

A cikin fayil ɗaya doka a fili take: ana kafa zaunannu bi da bi, daga sama zuwa ƙasa, yadda aka rubuta su. Shuɗaɗɗen lokaci na biyu ke nan, kowa a layinsa. Amma babbar manhaja ba ta zama cikin fayil ɗaya. Takan kai ɗaruruwa, wata ma dubbai, tafinta kuma ɗaya bayan ɗaya yake ɗaukarsu, ba ya ganin na biyu yayin da yake kan na farko. Gado ne daga zamanin da ƙwaƙwalwar na'ura ba ta iya ɗaukar aiki duka a lokaci guda, yana kuma da amfani har gobe, domin wanda ya gyara fayil ɗaya ba sai ya sake fassara sauran ba. Bayan fassara sai wani kayan aiki ya tattara gutsattsarin ya ɗinke su wuri guda. Sunan da ya fi dacewa da shi a Hausa shi ne mahaɗi, wanda kuma shi ne sunan da nahawu ya ba ajin kalmar "da", halinsu ma ɗaya ne. Ƙa'idar C++ da hukumar ISO ta fara fitarwa a 1998 ba ta ƙayyade wanda za a fara kafawa tsakanin zaunannun fayiloli mabambanta ba. Ta bar wa mahaɗi da tafinta, su kuma sau da yawa suna bin jerin da aka miƙa musu fayilolin ne kawai, jerin da mai yiwuwa babu wanda ya taɓa zama ya yi tunani a kansa.

A ɗauka wani dillalin hatsi ya sa an rubuta masa manhajar fitar da farashi. A fayil na farko akwai zaunannen gurbi na kuɗin dako, wanda ake karanto ƙimarsa daga wata takardar da mai shago ke sabuntawa, a ce sefa 500 kowane buhu. A fayil na biyu akwai zaunannen gurbi na farashin sayarwa, wato kuɗin buhu, sefa 20,000, a haɗa da kuɗin dako. Idan aka fara kafa na farko, farashi ya fito 20,500, kowa ya kama gabansa. Idan aka fara da na biyu, zai leƙa gurbin dako tun ba a zuba masa komai ba. Da a ce an rubuta 500 ɗin kai tsaye a cikin fayil, da babu abin da zai faru, domin ƙimomin da aka sani tun lokacin fassara suna riga duk wani magini zama. Karantowa daga waje ce ta mai da gurbin mai jiran lokacinsa.

Abin da fayil na biyu ke tararwa a gurbin shi ne inda lamarin ya fi ban tsoro. C++ ya yi alkawarin cewa kafin kowane magini ya motsa, za a share dukkan zaunannun gurabe a cika su da sifiri. Saboda haka mai leƙen ba zai ga shara ba, balle ya gane wani abu ya ɓaci. Sifiri zai gani, sifiri kuwa lamba ce mai mutunci, ana tara ta, ana ninka ta, ba ta da wata alama a goshi da ke nuna cewa ba ita aka nufa ba. Farashi zai fito 20,000 cif, manhaja ta ci gaba da aiki lafiya lau, dillali kuma ya riƙa biyan ƴan dako daga aljihunsa: buhu 200 a yini, asarar sefa 100,000. A magana ta yau da kullum akwai abin da ke tsare mutane daga irin wannan. Wanda ya ce "yaron ya dawo" ya yi amfani da madanganci, wanda ke nuna an riga an san yaron da ake nufi, in ba a taɓa ambatonsa ba, mai sauraro zai katse shi ya ce, "Wane yaro?" Na'ura ba ta yin wannan tambaya. Idan gurbin na wani babban abu ne, kamar jadawali ko dogon rubutu, manhaja takan faɗi tun kafin ta fara, wanda ya san sana'ar kuwa yakan ɗauki wannan a matsayin sa'a, domin faɗuwa tana da ƙara, kuskuren lissafi kuwa shiru yake tafiya.

Wahalar gano cutar ta fi cutar. Manhaja tana iya shekaru tana aiki daidai, saboda jerin da ya faɗo mata bisa dace ya yi daidai da bukatarta. Ran nan sai a sauya tafinta, ko a ɗauke ta zuwa wata na'ura, ko wani sabon ma'aikaci ya ƙara fayil ɗin da bai shafi farashi ko kaɗan ba, ko ya sauya wa wani fayil suna a wurin da ake jera su bisa abajadi, sai jeri ya juye. Zargi yakan faɗa kan wanda ya taɓa ta a ƙarshe, alhali tsagar tana jikin bango tun ranar da aka yi gini. Shi kuma zai duba rubutunsa layi bayan layi bai ga aibu ba, kuma gaskiyarsa ne, domin kuskuren ba ya cikin kowane fayil, yana cikin ratar da ke tsakaninsu. Masu sana'ar sun yi wa matsalar laƙabi da wata kalma da Turanci ya aro daga Italiyanci, mai nufin shirin da ya wargaje a bainar jama'a. Laƙabin ya ɗan yi ƙarin gishiri ta fuska ɗaya, tunda mafi munin lokutanta su ne waɗanda babu wanda ya ga komai.

Taskar kayan aikin C++ ita kanta ta ci karo da matsalar tun da wuri. Ƙofar fitar da rubutu, wadda ake kira cout, zaunannen abu ce, kuma kowane magini a kowane fayil yana iya son ya rubuta wani abu ta cikinta. Jerry Schwarz, wanda ya yi aiki a kan wannan sashe na taskar, shi ake jingina wa dabarar da ta warware lamarin. Duk fayil ɗin da ya nemi amfani da ƙofar, ana saka masa wani ƙaramin zaunannen abu a can samansa, gaba da nasa abubuwan. Waɗannan ƙananan masu gadi suna da ƙidaya guda da suka yi tarayya a kanta. Duk wanda aka tayar sai ya duba ƙidayar: in ya ga sifiri, ya san shi ne na farko, sai ya gina ƙofar, in ya ga wata lamba, ya ƙara ɗaya ya yi shiru. Babu ruwan dabarar da wanda ya riga, domin ko wane ne zai yi aikin. Kyawunta shi ne ta jingina da sifirin nan da ya cuci dillalin hatsi. A can ana karanta shi a matsayin amsa, a nan kuwa an ba shi ma'anarsa ta gaskiya, wato ba a fara ba tukuna.

Maganin da ya fi yaɗuwa tsakanin marubuta na yau da kullum shi ne wanda ake kira da sunan Scott Meyers, marubucin littafin Effective C++. Maimakon a bar zaunannen abu a fili, sai a ɓoye shi cikin wani ɗan aiki, duk mai bukatarsa ya kira aikin. Dokar harshen ta ce zaunannen da ke cikin aiki ba a kafa shi sai ranar da aka fara bi ta kansa. Farashin sayarwa zai kira aikin dako, aikin ya ga ba a kafa ba, ya kafa nan take, ya miƙa 500. Bahaushe ya ce ba a fafe gora ranar tafiya, amma a wannan fage ranar tafiyar ce kaɗai aka tabbatar da ita, don haka a nan ake fafewa. Bukata ce ke tsara jeri, ita kuwa ba ta kuskuren sanin abin da take nema.

Dabarar ba ta zo kyauta ba. Kafin 2011, idan manhaja tana tafiya da zaruruwa da yawa, wato ayyuka masu gudana kafaɗa da kafaɗa, biyu suna iya isowa ƙofar a lokaci guda kowanne ya ɗauka shi ne na farko. Ƙa'idar wannan shekara ce ta wajabta ɗaya ya jira ɗaya. Akwai kuma matsalar rufewa, wadda ake yawan mantawa da ita. Ana rushe zaunannu ne a juye, na ƙarshen kafuwa shi ne na farkon rushewa. Idan wani abu ya so rubuta kalmar bankwana a kundi yayin da ake rushe shi, alhali an riga an rushe kundin, sai manhaja ta faɗi a bakin ƙofar fita. Shi ya sa wasu ke gina irin waɗannan abubuwa su ƙi rushe su da gangan, su bar wa na'ura ta kwashe komai bayan an tashi. Ƙa'idojin rubutun C++ na kamfanin Google ma sun hana zaunannun abubuwan da rushe su ke bukatar wani aiki.

Harshen Java, wanda James Gosling da abokan aikinsa suka fitar daga Sun Microsystems a 1995, ya mai da fafe gora ranar tafiya dokar kowa. Ba a kafa zaunannun aji sai an fara amfani da ajin, ana fara kafa ajin uwa kafin na ɗa, a cikin aji kuma ana bin rubutu daga sama zuwa ƙasa. Wannan ya cire mahaɗi daga shari'ar, amma bai kashe matsalar ba. A ɗauki azuzuwa biyu, a kira su Hassan da Husaini. Lambar Hassan ita ce ta Husaini a ƙara ɗaya, lambar Husaini kuma ita ce ta Hassan a ƙara ɗaya. In aka fara taɓa Hassan, zai je neman Husaini. Husaini ya waiwayo wurin Hassan, ya tarar ana tsakiyar kafa shi, sai ya ɗauki sifirin da ke gurbin ya zama 1, Hassan kuma ya zama 2. In aka fara taɓa Husaini, lambobin su juye. Babu gargaɗi, babu faɗuwa. Idan kuwa zaruruwa biyu ne suka taɓa su a lokaci guda, ɗaya ya riƙe Hassan yana jiran Husaini, ɗaya ya riƙe Husaini yana jiran Hassan, sai su yi cirko-cirko har a kashe na'ura.

Java yana da wani hali kuma da ke ɓatar da sabon shiga. Idan kafa aji ya ci tura, kuskuren farko yakan faɗi gaskiyar abin da ya faru, amma daga nan an yi wa ajin tambarin lalacewa, duk wanda ya sake nemansa sai a ba shi saƙo mai sunan da ke nuna kamar ba a sami ajin ba sam. Mutum ya tashi neman fayil ɗin da bai ɓata ba, alhali amsar tana can sama a cikin kundi, a saƙon farko da ya wuce.

Harsunan da suka zo daga baya sun ɗauki darasi, kowanne ta hanyarsa. Go, wanda Google ya fitar a 2009, yana sa tafinta ya bi diddigin wa ke bukatar wa a cikin kowane ƙunshi ya jera su da kansa, in kuma ya tarar da da'ira irin ta Hassan da Husaini sai ya ƙi fassarawa. Rust ya koma kusa da tsohuwar dokar C: zaunannen abu sai wanda za a iya lissafa ƙimarsa tun lokacin fassara. Hanyar Go ta fi daɗin aiki, amma ta Rust ta fi tsare gaskiya, domin ba ta barin wani umarni ya gudana a ɓoye kafin main. C++ kuwa ba shi da damar rushe abin da aka gina a kansa cikin shekara arba'in, sai ƙari. A 2011 ya kawo constexpr, wanda ya faɗaɗa irin lissafin da tafinta ke iya gamawa da kansa, a 2020 kuma ya kawo constinit, kalmar da marubuci ke sa wa zaunannen abu don tafinta ya ƙi aikin in har kafa shi zai jira tashin manhaja.

Duk wannan bai kai ga kuɗin dakon dillali ba, tunda ƙimarsa tana cikin takardar da ba za a karanta ba sai manhaja ta tashi. Ga irinsa, hanyar da gogaggu da yawa suka fi natsuwa da ita ita ce mafi ƙarancin ado: a fitar da shi daga sahun zaunannu gaba ɗaya. A cikin main, a layin farko a karanta takarda, a na biyu a gina kuɗin dako, a na uku a gina farashi a miƙa masa dakon hannu da hannu. Rubutun yakan ƙara tsawo, kuma kowane aiki sai an bi shi da kayansa maimakon ya miƙa hannu ya ɗauka daga sama, abin da ke gundurar marubuci mai sauri. Amma duk wanda ya ɗaga layi na uku ya kai shi saman na biyu, tafinta zai tsayar da shi nan take ya ce bai san wani abu mai suna dako ba.